Muhawara: Ana ta wa'azin shaye-shaye, me ya sa ba ya isa kango?

Sakataren Unguwa:
Assalamu alaikum jama'a. Tambaya gare ni ga malamai da ma'aikatan lafiya da ke cikinmu. Duk ƙungiyar ci gaban unguwa da ta tashi faɗakarwa kan shaye-shaye, hanya ɗaya take bi. A kafa rumfa a filin firamare, a hayo kujera 200 da lasifika, a gayyato hakimi da DPO da jami'in hukumar yaƙi da ƙwaya ta NDLEA da babban malami. A ce ƙarfe 10, a fara 12. Kowa ya tashi ya ce ƙwaya musiba ce, a raba lemo, a ɗauki hoto, a watse. Masu cika kujerun kuwa dattawa ne masu carbi, da 'yan Islamiyya da aka kwaso da hijabi iri ɗaya. Yaran da aka yi taron dominsu suna cikin kangon bayan filin, suna jiyo lasifikar suna shewa.

Binciken da Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta yi tare da UNODC, ofishin Majalisar Ɗinkin Duniya mai yaƙi da ƙwaya, a 2018 ya ce mutum miliyan 14.3 a Najeriya, 'yan shekara 15 zuwa 64, sun yi ta'ammali da ƙwaya a shekarar da ta gabaci binciken. A Kano kashi 16 cikin 100 ne, kusan mutum ɗaya cikin shida ke nan. To in kuɗin rumfa ɗaya ne kawai a hannun kwamiti, a kan me ya kamata a kashe shi?

Malamin Zaure:
Wa alaikumus salam, Malam Sakatare. A fara da gyara wa'azin kansa. Babu yaron da ke cikin kangon nan da bai san abin da yake yi haramun ne ba. Ya sani tun yana allo. In ka tsaya ka shafe awa guda kana maimaita masa hukunci, ka sayar masa da abin da yake da shi a gida.

Giya ba rana ɗaya aka haramta ta ba. Aya ta 219 a Baƙara ta ce zunubinta ya fi amfaninta, aya ta 43 a Nisa'i ta hana kusantar salla cikin maye, sannan aya ta 90 a Ma'ida ta rufe ƙofa. Nana A'isha ta ce da farkon abin da ya sauka shi ne kada ku sha giya, da mutane sun ce ba za su taɓa barinta ba. Ba ina cewa hukunci ya canja ba, duk abin da ke sa maye haramun ne yau da gobe. Tarbiyya ce take da matakala.

Sai tsawon magana. Abdullahi ɗan Mas'ud ranar Alhamis kaɗai yake yi wa mutane wa'azi, da aka nemi ya riƙa yi kullum ya ce yana gudun ya gundure su. Shawarata ga limamin hamsu salawat: minti bakwai bayan Magariba, sau ɗaya a mako, mako takwas a jere, kowane mako batu ɗaya. Kada ya ambaci sunan gida, kada ya yi nuni da lungu. Uban yaron yana sahu na biyu, in ka muzanta shi ka rasa shi, kuma da shi za a yi gyaran.

Mai Kemis:
Allah ya gafarta Malam, gaskiya ne. Zan ƙara da cewa yawancin masu faɗakarwar ba su san kayan da suke magana a kai ba. Kalma ɗaya suke da ita, "ƙwaya", yaro kuwa da ya ji haka ya san ba ka san komai ba, sai ya toshe kunne.

Tiramadol maganin ciwo ne, wanda aka amince da shi mai miligiram 50 da 100 ne, likita ma ba ya wuce 400 a yini. Wanda ke yawo a hannun dila mai 200 ne, 225, har 250. Ƙwara biyu ta 225 ta riga ta haye iyaka. Shi ya sa za ka ga saurayi mai lafiya ya yanke jiki ya faɗi yana shure-shure da kumfa a baki, gida su ce iska ce, a tafi ruƙiyya, a bar katin maganin a aljihun wandonsa. Exol maganin masu cutar karkarwa ne, ana kuma haɗa shi da wasu magungunan taɓin hankali. Mai shan sa don maye bakinsa bushewa yake, ƙwayar idonsa ta buɗe, ya riƙa ganin abin da babu. Roci da diyazafam na barci ne: magana ta yi nauyi, tafiya da tangaɗi, gobe ya manta abin da ya yi jiya. Roci kuma yakan bar shuɗi a harshe. Sholisho da sukudai shaƙa ake yi, alamarsu wari a riga da ƙuraje a gefen hanci da baki.

Uwa ba ta buƙatar lacca kan wannan. A ba ta abu uku ta riƙa dubawa: aljihu kafin wanki, bayan katifa, da kwandon shara. Katin magani da aka ɓalle ƙwayoyinsa kaf, alhali babu mara lafiya a gidan, ya ishe ta shaida.

Shugaban 'Yan Sintiri:
Ku yi haƙuri malamai, ni fa lallashin nan ne nake ganin ya kawo mu inda muke. Yaron da ya sha roci ya tare mace a lungu da ɗanbida ya ƙwace mata waya, shi za a zauna ana yi wa minti bakwai bayan Magariba? Da can in aka kama yaro, a aske masa kai tas, a zane shi a ƙofar mai unguwa, gobe ko sigari ya gani sai ya canja hanya. Yanzu kowa ɗansa ɗan gwal ne.

Malamin Zaure:
Yallaɓai, ƙwacen waya laifi ne daban, hukuma ce ke da shi, babu mai cewa a lallashi ɗan fashi. Amma ka tuna mutumin nan da Bukhari ya kawo labarinsa, wanda aka sha kawowa gaban Annabi, sallallahu alaihi wa sallam, saboda giya. Wani ya tsine masa, Annabi ya hana, ya ce yana son Allah da Manzonsa.

Shugaban 'Yan Sintiri:
To ai Malam a hadisin ma bulala aka yi masa. Kun ɗauki rabi kun bar rabi.

Malamin Zaure:
An yi masa, a gaban shugaba, bayan laifi ya tabbata. Ba matasa goma da gora ne suka rufe shi da duka a kwararo ba. Kuma bayan bulalar bai zama bare ba, ya koma cikin jama'a. Mu namu, da an zane yaro an ɗora hotonsa a Facebook, shi ke nan, babu mai ba shi aure, babu mai ɗaukarsa a shago. Wurin da ya rage ana yi masa maraba ɗaya ne, wurin dila.

Anti Nas:
Baba shugaban sintiri, akwai abin da duka ba ya kaiwa gare shi, shi ne jiki. Wanda ya shekara yana shan tiramadol kullum, in ya tsaya, cikin yini guda zai fara hamma, hanci na zuba, gumi, ciwon gaɓoɓi kamar ana sara, gudawa, barci ya ƙaurace. Kwana na biyu da na uku sun fi tsanani, bayan mako abin ya lafa, amma rashin barci da ƙuncin rai sukan ja makonni. Yaro zai rantse da Alƙur'ani da safe cewa ya daina, da gaske yake, da La'asar jiki ya kayar da shi. Gida su ce maƙaryaci ne.

Na roci da diyazafam ya fi haɗari. Wanda ya daɗe a kansu ba a yanke masa rana ɗaya, farfaɗiya na iya kama shi har ta kai ga rasa rai. Likita ne ke rage masa a hankali cikin makonni. Don haka kulle yaro a ɗaki da kwaɗo a ce sai ya daina, ganganci ne. Mun ga abin da aka tarar a Rigasa ta Kaduna a watan Satumba na 2019, mutum sama da 300 a gida ɗaya, wasu da mari a ƙafa. Iyaye ne suka kai su da hannunsu, har suna biyan kuɗi, don ba su san wata ƙofa ba.

Ƙofar kuwa akwai ta. A Kano akwai asibitin Dawanau da sashen masu taɓin hankali na Asibitin Koyarwa na Aminu Kano. Kaduna akwai na Barnawa, Sakkwato na Kware, Maiduguri ma akwai na tarayya. Ofisoshin NDLEA na jiha suna da sashen ba da shawara, ba kamu kaɗai suke yi ba. Duk faɗakarwar da ta ƙare ba a gaya wa uwa inda za ta kai ɗanta ranar Litinin ba, tayar mata da hankali kawai aka yi.

Kuma don Allah 'yan sintiri, kada ku bi yaro da gudu yana tsakar shaƙar sholisho ko sukudai. Abin yana taɓa bugun zuciya, firgita da gudu na iya tsayar da ita nan take.

Sakataren Unguwa:
Anti, in an tsinci yaro a kwance ba ya motsi fa? Mutane madara suke ɗura masa ko manja.

Anti Nas:
Kada a ɗura masa komai, wanda ba ya cikin hayyacinsa huhu abin zai tafi. A kira sunansa da ƙarfi, a murza ƙashin ƙirjinsa da gaɓoɓin yatsu. In bai motsa ba a ƙirga numfashinsa na minti ɗaya cur da agogon waya. Babba mai lafiya yana yin 12 zuwa 20. In ya gaza 10, ko yana wani irin munshari mai gargara, ko leɓensa ya canja launi, ko ƙwayar idonsa ta tsuke kamar kan allura, ba barci yake ba. A kwantar da shi ta gefe, a ɗan ɗaga haɓarsa, a nemi mota zuwa asibiti mafi kusa, a tafi da duk kati ko kwalbar da aka gani a wurin. Kada a ɓoye wa likita don kunya, akwai allurar naloxone da ke karya ƙarfin kodin da danginsa, amma sai ya san abin da aka sha.

Wani abin da iyaye ba su sani ba: lokacin da ya fi haɗari shi ne bayan yaro ya fito daga asibiti ko gidan yari. Jikinsa ya manta, shi bai manta adadin da ya saba ba. Ya ɗauki ƙwara huɗun da yake sha a da, su kashe shi.

Hajiya Malama:
Sannunku da ƙoƙari, amma tun ɗazu "yaro, yaro" kuke ta yi. Wancan binciken na 2018 da Malam Sakatare ya kawo, cewa ya yi cikin masu sha huɗu, ɗaya mace ce. Ita ba ta zuwa kango, ba ta zuwa rumfa, ɗan sintiri bai taɓa ganinta ba. Tana ɗakinta, robar lemo a gefen gado an juye kodin a ciki, kowa ya shigo ya ga lemo. Gwamnatin tarayya ta hana haɗawa da shigo da maganin tari mai kodin a watan Mayu na 2018 bayan rahoton BBC, abin ya yi tsada, wasu suka koma ƙwayar barci, wadda ta fi sauƙin ɓoyewa a cikin jaka.

Matar aure ba don nishaɗi takan fara ba. Kishiya ce, ko saki, ko miji ya yi tafiya ya bar ta da 'ya'ya biyar babu cefane, barci ya gagara, ƙawa ta ce ungo wannan ki samu ki runtsa. In kika je mata da wuta da azabar kabari, za ta yi kuka ta ce ta tuba, da dare kuma idonta biyu, abin da ya hana ta barci yana nan.

Wurin kama mata shi ne Islamiyyar matan aure, da mai kitso, da mai lalle, da ungozoma. Waɗannan su ake faɗa wa abin da ba a faɗa wa miji. A tara irin su 15 a gida ɗaya, ma'aikaciyar lafiya mace ta zauna da su sau uku, awa bibbiyu, ta koya musu alamomi, da yadda ake buɗe magana, da inda ake turawa. Buɗe maganar ma da fasaha. Ba "an ce kina shan ƙwaya" ba. Ana kitso kan na bisa cinya, sai a ce "Yar'uwa, kwana biyu na ga kin faɗa, kina samun barci kuwa?" Daga barci ake shiga. Sharaɗi ɗaya ne, kuma mai tsauri: wadda ta fitar da sirri ko sau ɗaya a cire ta. Magana ɗaya ta fita a gidan biki, aikin shekara ya rushe, wata kuma aurenta ya mutu.

Malamin Sakandare:
Hajiya ta taɓo inda ke yi mana ƙaiƙayi. A makaranta ma kuskuren ɗaya ne. Ranar 26 ga Yuni, ranar yaƙi da shaye-shaye ta duniya, a tara ɗalibai 800 a rana, a nuna musu hoton mahaukaci a bola a ce ga ƙarshen mai shan wiwi. Ɗan aji uku ya san yayan abokinsa yana sha shekara biyar, yana tuƙa babur, bai haukace ba. Daga ranar ya yanke cewa malamai ƙara gishiri suke, har gaskiyar da za ka faɗa masa gobe ba zai karɓa ba.

Abin da ya fi kama jiki shi ne aji ɗaya, malamin da suka saba da shi, darasi a jere. Akwai manhajar Unplugged da aka gwada a makarantun sakandaren Najeriya, darasi 12 ce. Yawancinta ba bayanin ƙwaya ba ne, koyon yadda ake cewa a'a ne ba tare da an rasa aboki ba. Ka fito da yara uku gaban allo, biyu su matsa wa ɗaya: "Kai ɗan Hajiya ne? Ja ɗaya kawai." Shi kuma ya nemi mafita da bakinsa, aji su gyara masa. Kuma a fara tun aji ɗaya na ƙaramar sakandare, icce tun yana ɗanye. Wanda ya kai aji shida ya riga ya zaɓi majalisarsa.

Ban kuma goyi bayan a kawo tubabben ɗan ƙwaya gaban ƙananan yara ba.

Shugaban 'Yan Sintiri:
A nan kam ban yarda ba, Malam. Wanda ya sha ya daina ai shi ya san zafin abin.

Malamin Sakandare:
Ya sani, amma duba abin da yaro ke gani. Ga mutum da shadda sabuwa, an ba shi lasifika, hakimi na tafa masa, yana ba da labarin yadda ya gagari unguwa. Darasin da ɗan shekara 13 zai ɗauka shi ne ana sha a more a daina a zama babban baƙo. Tubabbe wurinsa majalisar waɗanda suka riga suka faɗa ciki. Can maganarsa ta fi ta kowa nauyi, don ba za su ce masa bai san abin da suke ji ba.

Na Damagaram:
Gaisuwa daga wannan ɓangaren. Mu nan tiramol muke ce masa, majalisar samari kuma fada. Abin da ban ji kun faɗa ba shi ne da yawa ba don maye suke sha ba, don aiki ne. Lebura mai ɗaukar bulo, ɗan ga-ruwa mai tura kura da jarka 12, mai kabu-kabu da zai kai dare, yaro mai noman ƙodago. Yana jefa shi a shayi da asuba don kada ya ji gajiya. Shi a ransa magani yake sha, in ka kira shi ɗan maye faɗa za ku yi. Wannan a wurin aikinsa ake samunsa, ta hannun shugaban tasha ko uban ɗakinsa, kuma maganar da ke shigarsa ita ce ta lissafi: bara ƙwara ɗaya ke kai ka yamma, bana uku, nawa ke nan a wata, nawa ya rage na gida?

Fada kuma ba a shigarta da rawani da tawaga. Mutum biyu sun isa, ɗaya sa'ansu. A je bayan Isha'i, a kawo sukari da ganyen shayi, zuwan farko da na biyu kada a ambaci ƙwaya sam. Su da kansu za su kawo maganar a na uku, don sun san abin da ya kawo ku.

Mai Kemis:
Haka yake. Kuma mu masu shago a faɗa mana gaskiya, wani kason daga kantocinmu yake fita. A farkon 2024 an rufe shagunan magani sama da dubu a Sabon Garin Kano don a tilasta komawa sabuwar kasuwar magani ta Dangwauro, wannan ya taɓa sari. Na cikin lungu kuwa sai unguwa. Mai ƙaramin kemis ba shi da izinin sayar da tiramadol ko diyazafam tun asali. Kwamiti ya tara su a gidan mai unguwa, ba a bainar jama'a ba, a yi yarjejeniya a rubuce kowa ya sa hannu. Wanda ya karya a kai ƙararsa hukumar da ta ba shi lasisi.

Wakilin Mai Unguwa:
Ranku ya daɗe. Kan dila, kada kwamiti ya tunkare shi, kada kuma sunan mutum ɗaya ya hau takarda. Wanda ya yi tsaye shi kaɗai shi ake bi dare a sara. A rubuta da sunan ƙungiya, mai unguwa ya buga hatimi, ta bi ta dagaci zuwa hakimi, kwafi ya tafi ofishin NDLEA na yanki. A rubuta abin da zai yi musu amfani: wane kango, wane lokaci ake hada-hada, ta ina ake shiga ta ina ake fita. A ajiye kwafi mai kwanan wata, domin in an kama shi da safe wani mai ƙumbar susa ya karɓo shi da yamma, takarda ta biyu sama za ta wuce da ta farkon a manne.

Kangon ma yana da mai shi. A nemo shi, a ba shi wa'adin kwana 30 ya toshe ƙofa da taga da bulo ko ya sa mai gadi. Sai dai ku sani, in kun toshe za su koma makwabciyar unguwa, don haka a sanar da mai unguwar can tun kafin a kwaɓa siminti.

Kano ta taɓa gwada faɗakarwa ta gwamnati, shirin A Daidaita Sahu na zamanin Malam Ibrahim Shekarau, da rediyo da alluna a titi. Gwamnati ta wuce, abin da ya fi zama a bakin mutane sunan ne a jikin babur mai ƙafa uku. Abin da unguwa ba ta ɗauka da aljihunta ba, da mai shi yake tafiya.

Sakataren Unguwa:
Wasu iyaye na tambayar abin gwajin fitsari, su saya su riƙa gwada 'ya'yansu a gida.

Anti Nas:
Su yi hattara. Da yawan kayan gwajin ba sa kama tiramadol sai in an rubuta alamarsa, TRA ko TML, a jiki, uba ya ga sakamako fes ya koma barci. Yawancin ƙwayoyin ma cikin 'yan kwanaki suke barin fitsari, wiwi ce ke daɗewa a jikin wanda ya saba, wani har makonni. Gwaji na da amfani ga wanda ya yarda ana bibiyarsa bayan magani. Wanda aka yi wa kwanton ɓauna da roba a ƙofar banɗaki, gobe fitsarin ƙaninsa zai kawo.

Sakataren Unguwa:
To ga abin da zan kai wa kwamiti. Rumfa a bar ta. Kuɗin a raba: zaman mata 15 na Hajiya, shayin majalisa, siminti in mai kango ya gaza, sauran a ajiye na mota da katin asibiti ga gidan da ba shi da hali. Liman da malaman aji ba sa cin ko sisi.

Shugaban 'Yan Sintiri:
Ban sauka daga ra'ayina kan masu ɗanbida ba. Amma majalisar bayan Isha'i ku bar ni a baya, in suka hango ni watsewa za su yi. Akwai yara biyu cikin 'yan sintiri da suka taso tare da su, su za a tura.

Hajiya Malama:
Malam Sakatare, kuɗin motar nan a ware na mace daban, ita sai da 'yar rakiya, wani lokacin har da goyo. Kuma kada ma'aji ya rubuta sunan gida a littafin kuɗi, littafin nan hannu da yawa ke taɓa shi. Lamba ta isa.